Ƙasa Ta Sake Makamashi Sau Uku, Murhu Yana Nan Jiya I Yau

Jama'a, ana ta maganar wutar hasken rana, wai ita ce za ta raba mu da wahala. Madalla. Amma kafin mu yi guɗa, bari mu waiwaya mu ga yadda abin ya saba tafiya a ƙasar nan.

A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu. A 1916 aka gama hanyar jirgi daga can zuwa Fatakwal, aka shiga ɗiba. Da shi jirgin ƙasa ya yi ta jan gyaɗa da auduga daga Kano zuwa bakin teku. Wajen 1958 abin da ake haƙowa a shekara ya kai tan dubu 900. Ba a daɗe ba reluwe ta koma kan dizal, yaƙin basasa ya zo a 1967, kwal ya kwanta, har yau bai tashi ba. An riga an sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka gama madatsar Kainji a 1968. Yanzu kuwa yawancin lantarkin Nijeriya da iskar gas ake yinsa, ruwa yana biye.

To, duk wannan sauyi, ina ya taɓa murhun mutumin ƙauye? Kakarsa da itace ta dafa tuwo, matarsa ma da shi take dafawa. Kananzir ya ɗan leƙo, da ya yi tsada aka koma daji. Gas ɗin girki ya shiga birni, amma duk ran da kuɗinsa ya hau, sai ka ga motocin itace da buhunan gawayi sun yi jerin gwano a hanya. Watau sabon makamashi ba ya korar tsoho sai ya fi shi araha a hannun talaka. Jirgin ƙasa ya bar kwal don ya sami abin da ya fi masa sauƙi, mai murhu bai samu ba tukuna.

Wa ke biyan wannan bashi? Gona. In itace ya ƙare kusa da gari, sai a kwashe karan dawa da na gero a ƙone, har kashin shanu ma ba a bari. Abin da ya kamata ya ruɓe ya zama taki ya tafi a hayaƙi. Iska ta kwashe ƙasar sama, baɗi kuma manomi ya ci bashin takin zamani. Malam akawu da ke sayen gawayi a birni, kai ma da hannunka a ciki, gobe a farashin masara za ka biya.

Ban ƙi hasken rana ba. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, masu noman rani sun ɗanɗana kuɗarsu wajen ba injin ruwa fetur, kuma wanda ya sami injin hasken rana ya huta. Ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi su saya. Sai dai farantin da ke jawo ruwa a fadama ba shi zai dafa tuwon gidan mutum goma sha biyar bana ba.

Saboda haka a ganina manomi ya ɗauki itace amfanin gona ne, kamar gero. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada tun wajen 1983: suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suka riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi suna yi masa aski. Ba su sayi iri ba, ba su yi ban ruwa ba, yau ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar da kadada miliyan 5. Gawo ma ba ya gasa da shuka, da damina yake zubar da ganye, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa.

Bana in ka shiga sharar gona, ka duba kututturen kalgo da sabara. Ka zaɓi toho biyu ko uku masu miƙewa a kowane, ka sare sauran ka kai gida a hura wuta. Ka kuma je ka shaida wa mai unguwa da makiyaya cewa da gangan ka bar su.