Kafin a Goge Kwamfuta, a Nemi Dalilin Mutuwarta

Ya ku 'yan'uwana malamai, a zangon karatun da ya gabata na yi asarar aikin mako uku cikin yini guda. Kwamfuta ɗaya tilo da makarantarmu ta mallaka a nan Tsamaye, wadda muke shigar da sunayen ɗalibai da makinsu a cikinta, ta tsiri wata ɗabi'a: ana tsaka da aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi. Wata rana sau uku, wata rana lafiya lau. Aka fara raɗe-raɗin cewa ni ne ban iya ba. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ce ƙwayar cuta ce, ya goge komai. Bayan kwana biyu matsalar ta dawo, amma makin yara ya tafi ke nan.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sai na buɗe mata rajista kamar ta aji, ina rubuta lokacin da ta mutu da abin da ke jone a jikinta. Cikin kwana goma na gane ba ta mutuwa sai an soka mata modem, musamman idan sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ashe laifin na direban modem ɗin ne, wato ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da na'urar sadarwa. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, don haka idan ya yi tuntuɓe, kwamfutar kan tsayar da komai don kada ɓarna ta yaɗu.

Hanyar binciken ba ta fi ƙarfin malamin firamare ba. A ɗauki hoton shuɗiyar fuskar da waya, domin takan nuna sunan kuskuren, wani lokaci har da fayil mai ƙarewa da .sys wanda ya jawo shi. A cire modem, a kashe Wi-Fi, a yi aiki na kwanaki. Idan mutuwar ta tsaya, an kama bakin zaren. Daga nan a shiga Device Manager a mayar da tsohon direba ko a sa sabo daga kamfanin da ya ƙera na'urar, a kuma hana Windows kashe ta don tsimin batir. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi magani ba. Idan kuwa mutuwar ta ci gaba, a duba ƙurar hunturu a fanka, da zafin bazara, da wutar janareto mai hawa da sauka.

Mai ɗora wa malamin ƙauye laifi ya tuna ranar 19 ga Yuli, 2024, da sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Ƙwararru ne ke kula da waɗancan.

Wani zai ce a ƙasar Gobir, inda rashin tsaro ya raba yara da azuzuwansu, wannan ƙaramar magana ce. Gaskiya ne tsaro yana gaba. Sai dai jarrabawar TRCN ta rajistar malamai a kwamfuta ake yin ta, haka ma JAMB da 'ya'yanmu ke zana. Kuma katse layukan waya da aka yi a Sabon Birni da Isa a watan Satumba na 2021 ya koya mana cewa abin da ba mu adana a hannunmu ba, ba namu ba ne.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu na NUT abu uku. A shirya bitar yini guda kan wannan bincike. A nemi hukumar ilimi ta ware ma'aikaci mai zagaya makarantu don gyara. A kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a goge kwamfutar makaranta ba sai an kwafe bayananta a filas, an ajiye na takarda. Da ina da wannan ƙa'ida, da yaran ajina ba su sake zana jarrabawar da suka riga suka ci ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.