Direbobi, allurar mai ba ado ba ce

Yau da direbobin Land Cruiser da Hilux masu shan gazuwal nike, da masu garejin da ke gyara musu. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Cikin bazarar da ta wuce na shigo wata Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya daga Tanout zuwa Damagaram. Ni ina gaba, baya kuwa buhunan hatsi ne da mutane bisa, har da wata baiwar Allah da za ta kai ɗanta likita. Tun kafin Bakin Birji na lura allurar mai ta kwanta ƙasa, ko ya taka mota ba ta tashi. Na ce, “Maigida, dubi allurar nan.” Ya yi dariya ya ce, “Malam, waya ce, haka take yi. Da safe na auna mai, cike yake.” Ba mu yi kilomita goma ba inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka, ya mutu. Tun azahar muke ƙarƙashin ƙaya sai bayan la'asar aka samu motar da ta ɗauki matar da yaronta. Direba ya ce ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, amma motar ta yi magana, shi ne ya ƙi ji.

Kuskuren farko ke nan: allurar nan ba yawan mai take aunawa ba. Yawan mai aikin sandar awo ne. Ita allura ƙarfin da famfo ke tura mai cikin inji take nunawa, abin da makanikai ke ce wa presiyo. Ƙarafan da ke juyawa cikin inji ba su taɓa juna, bisa ɗan siririn mai suke yawo. In ƙarfin ya faɗi, ƙarfe ya ci ƙarfe, ko da mai cike yake.

To, yaya ake karanta ta? Da safe, mai na da sanyi da kauri, allura za ta hau sama. Wannan ba matsala ba ne, a bar inji ya ɗan yi ɗumi kafin a taka. In ya yi zafi mai ya tsinke, sai ta sauko. Mota na tsaye inji na juyawa a hankali, za ta yi ƙasa. Ka taka, ta tashi. Wannan hawa da sauka shi ne lafiya. Ga injin 1HZ na Land Cruiser, Toyota ta ce in ya yi zafi kada ƙarfin ya kasa bar 0,3 a tsaye, kuma kada ya kasa 2,5 in yana juyi 3.000 a minti. Abin tsoro shi ne allurar da ke kwance kana cikin gudu, ko mai rawa in ka sha kwana ko ka taka birki, alamar mai ya ragu famfo na zuƙar iska. Haka kuma wadda bara take tsakiya, bana kullum tana ƙara yin ƙasa: kusine ne ke cinyewa.

Masu Hilux da yawa ba su da allura, jar fitila ce mai hoton buta. Ku sani ita ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusan ƙarewa. In ta kama kana tafiya, ba “bari in kai gari” ba ne. Ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Wani makaniki, in ka kai masa mota fitila na kamawa, sai ya cire waya ya ce ya gyara. Wani direba ya liƙa mata baƙin salatif don kada fasinja su gani. Wani kuma ya zuba mai mai kauri ƙwarai, har da na giya, allura ta tashi, a kai mota kasuwa a saida wa bawan Allah. Ganin kitse ake yi wa rogo. Wannan ba gyara ba ne, ha'inci ne, kuma ran mutane ake wasa da shi. Mai tansiyo in ya fasa abin awo, ya warke ne?

Na san abin da za ku ce: sau da yawa ɗan abin awon da ke jikin inji ne ke lalacewa, ko waya. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma wa ya tabbatar maka? Makaniki na ƙwarai yana kwance shi ya ɗaura agogon awo na hannu, inji da zafi, ya karanta a tsaye da kuma in an taka. Aikin da bai kai awa guda ba. In agogo ya nuna lafiya, a canza abin awo. In ya nuna ƙasa, a duba: filta ta toshe? Rariyar famfo ta cika da dauɗa? Injekta na zubar da gazuwal cikin mai? Wannan na ƙarshe ma mai sauƙin ganewa ne, mai na ƙaruwa bisa sanda maimakon ya ragu, kuma yana warin gazuwal.

Za ku kuma ce rayuwa ta yi tsada, bidanji kuɗi ne. Haka ne. Amma lissafa kuɗin mai da filta, ka lissafa na sauke inji, da kwanakin da mota za ta yi bisa duwatsu iyali na jira. Ga ƙurar hanyoyinmu da zafin Afrilu da Mayu, man da ake durawa cikin tsohon bido a bakin titi, wanda ba ka san asalinsa ba, araha ce mai cin uban kuɗi.

Shugabannin tasha, kamar yadda kuke duba layi da kuɗin kamasho, ku riƙa leƙa tablo kafin a yi lodi. A murɗa makulli, fitilar mai ta kama, a tada inji, ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an cire mata waya ko ƙwanta ya ƙone, kada ta ɗauki mutum. Mu fasinja kuma mu daina jin nauyin magana.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.