Wai duk mai loda gem ɓarawo ne?

Jama'a, akwai maganar da ke yawo kwanan nan, wai duk mai gidan gem da ke aiki da PS2 ko PS3 da aka buɗe wa kulle ɓarawo ne. Ni kam ban yarda ba.

Ku zagaya Ƙofar Dundaye da marece ku leƙa gidajen gem. Yara na layi da 'yan canjinsu, ana ta buga PES 2013 kamar jiya ya fito. Galibin na'urorin nan gwanjo ne, idonsu ya mutu, ba su karanta faifai. Mai gyara ne ke sa musu wata manhaja, ya loda wasanni a hadis ko fulash. Ba don shi ba, da tuni suna bola, mai shagon kuma yana zaman kashe wando.

To, na halas ɗin ina za a saye shi? Microsoft ta rufe kantin intanet na Xbox 360 ranar 29 ga Yuli, 2024. Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U tun Maris 2023. Sony ma ta so rufe na PS3 a 2021, sai da aka yi mata ca sannan ta fasa, amma daga Oktoban shekarar ta hana saye da katin banki a kan na'urar. Kuma fa Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ke buɗe wa asusu, sai ka ce kana Amurka ko Ingila. Wasan da bai taɓa fitowa a faifai ba, ranar da aka rufe kanti ya tafi ke nan. Mai kaya ya kulle shago ya wuce da makulli, haba, wa aka hana ciniki?

Amma kar a ce na halasta komai. Sabon gem da ke kasuwa, ana sayar da shi yau, wanda ya kwafa ya ci haƙƙin mutane. Mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, ba labari aka ba mu ba. Wancan daban, wanga daban.

Masu gidajen gem da ke nan, ku faɗa mana gaskiya: cikin na'urorinku, nawa ne har yanzu ke karanta faifai?