Wa zai rubuta wa na'ura ƙa'idojin Hausa?

A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta kawo mini babi na uku na kundinta, inda ta mayar da tatsuniyoyin da ta naɗo daga bakin tsofaffi a yankin Tawa zuwa rubutu. Rubutun ya yi tsaf, har tsaftar ta sa ni shakka. Da na nemi in saurari muryoyin da ta naɗa, sai na ji tsohuwa tana cewa "ta tahi", takarda kuwa ta ce "ta tafi". Tsohuwa ta ce "hwara", takarda ta ce "fara". Ɗalibar ba ta yi ha'inci ba. Ta ba wani mataimaki na ƙirƙirarriyar basira aikin gyara mata kurakuran bugu ne, shi kuma ya ɗauki karin harshen Adar a matsayin kuskure, ya share shi kakaf. Kundin da aka gina a kan karin harshe ya wayi gari babu karin harshe a cikinsa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na'urar ta yi abin da ta saba gani a rubuce, mu ne ba mu gaya mata abin da muke so ba. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗalibin Hausa da ke aiki da waɗannan na'urori ya zauna ya rubuta musu umarni na dindindin da hannunsa, kada ya ari na wani.

Damar yin haka ta samu ne a ƴan shekarun nan. A 2023 ChatGPT ya buɗe wani gurbi inda mutum zai ajiye umarnin da za a riƙa bi a kowace hira. Gemini da Claude ma suka fito da irin nasu, sai dai kowane umarni yana kulle a gidan da aka rubuta shi. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Anthropic ya kawo wani tsari mai sauƙi: jaka guda mai ɗauke da fayil mai suna SKILL.md, a samansa a rubuta suna da taƙaitaccen bayanin aikin, a ƙasa kuma a zuba umarnin da zance na yau da kullum. A watan Disamba na shekarar aka sake tsarin ga kowa, manhajoji irin su Codex na OpenAI da GitHub Copilot suka karɓe shi. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka fara karɓa kayan aikin masu rubuta manhaja ne. Amma tunda fayil ɗin rubutu ne zalla, inda ba a karɓar jakar kana iya kwafe shi ka liƙa a gurbin umarni.

Akwai wani abu a yadda tsarin ke aiki da ya shafe mu kai tsaye. Mataimakin ba ya karanta dukan umarnin tun farko. Suna da taƙaitaccen bayanin kawai yake dubawa, sai ya ga aikin da aka ba shi ya dace da bayanin sannan ya buɗe sauran. Ke nan wanda ya rubuta "gyaran Hausa" kurum a matsayin bayani ya sake haƙa ramin da ɗalibata ta faɗa. Kundi biyu ake bukata. Na farko ya ce aikinsa tace maƙala da rahoto a daidaitacciyar Hausa. Na biyu ya ce aikinsa duba rubutun adabin baka, kuma a cikinsa a hana taɓa furuci, da kalma, da ginin jimla. A bar "lakwal" da "mushe" yadda mai magana ya faɗe su, kada a mayar da su "makaranta" da "malam".

Me za a zuba a kundin farko? A nan ne na ga ɗalibai suna gumi, kuma gumin ya yi mini daɗi. Faɗin "ka rubuta Hausa mai kyau" ba umarni ba ne. Dole ka ce a raba "za su" da "shi ne" da "ya kama shi", a haɗe "yana" da "gidansa". Dole ka kawo tagwayen kalmomi da ke nuna cewa lanƙwasar baƙi ba ado ba ce: kafa da ƙafa, kare da ƙare, bari da ɓari, baki da baƙi. Dole kuma ka yanke shawara a kan harafin da ya raba mu da maƙwabta, domin a Nijar ƙa'idar da hukuma ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴaƴa da ƴ mai ƙugiya, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa. Ɗalibin da ya kasa bayyana wa na'ura dalilin raba "za su" ya gano da kansa cewa haddace ƙa'idar ya yi, bai fahimce ta ba. Na sha yin jarrabawar da ba ta tona wannan asiri kamar yadda rubuta shafi guda na umarni ya tona shi ba.

Za a ce mini, me ya sa kowa zai wahala, ba sai masani guda ya rubuta a rarraba ba? Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ina fatan ganin ranar da sassan Hausa na jami'o'inmu za su fitar da kundi guda da aka tantance. Tun taron Bamako na 1966 ake ta ƙoƙarin daidaita rubutun harsunanmu, bai kamata a bar wannan sabon fage ga duk wanda ya riga ɗora fayil a intanet ba. Sai dai abin da ya sa umarnin ke da amfani shi ne kuma haɗarinsa. Kuskuren da malami ya yi a allo yana tsayawa a aji guda. Kuskuren da ya shiga fayil ɗin da ɗaruruwan mutane suka kwafa zai fito a kowace takarda, ta kowace manhaja, da kamanni iri ɗaya, har ido ya saba da shi ya ɗauka shi ne daidai. Ban da haka, jakar tana iya ɗaukar ƴan shirye-shiryen kwamfuta da mataimakin zai gudanar, don haka saukar da jakar baƙo ba tare da karanta abin da ke ciki ba ganganci ne.

Kada kuma a zaci umarni guda zai ba da sakamako guda ko'ina. Fayil ɗin ɗaya ne, masu karanta shi ne suka bambanta, kuma ba duka suka san Hausa daidai wa daida ba. Mayar da 'y zuwa ƴ aiki ne na inji, da wuya a kuskure shi. Zaɓe tsakanin "baki" da "baƙi" kuwa sai an fahimci jimla, kuma a nan ne suke tuntuɓe. Shi ya sa nake ajiye sakin layi guda da na cusa wa kurakurai goma da gangan, tare da jimloli uku na Adaranci da bai kamata a taɓa ba. Duk manhajar da zan kai wa umarnina, da wannan sakin layi nake fara gwada ta.

Ɗalibar ta koma ga muryoyin da ta naɗa, ta sake rubuta babin daga farko, ya ci mata mako uku. Kundin umarnin da ta rubuta bayan nan bai cika shafi biyu ba, kuma layinsa na farko cewa ya yi: idan ka ga kalmar da ba ka sani ba, ka ja mata layi, ka bar ta yadda take.