RANTSUWA BA TAKARDA BA CE

Jama'ar Zagga, yau zan taɓo abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Yawancin rigimar gona da ta bashi da ke raba zumunci a ƙasar Bagudo ba maƙaryata ne ke haddasa ta ba. Mutanen kirki ne biyu, kowa ya dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya, kuma ɗayansu bai faɗi daidai ba.

Mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset ce, ka danna ta maimaito maka abin da ya faru. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da rushe wannan. Abin da ka gani, gutsi-gutsi ake ajiye shi: fuska, murya, wuri, yadda ranka ya ji. Duk ranar da ka tuna, sake harhaɗa shi kake yi, inda ya yi giɓi sai ka cike da abin da ka ji a majalisa ko abin da ranka ke so, ba tare da ka sani ba. Tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu.

A 1974, a Amurka, Elizabeth Loftus da abokin aikinta Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka “ragargaji” juna, wasu aka ce “bugi” juna. Bayan mako ɗaya aka tambaya: kun ga fasasshen gilashi? Cikin 50 na farko, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na biyu, 7 kacal. Alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya ta yi wannan aikin cikin mako ɗaya, to ina ga shekara 20 ana ba da labari a gindin bishiya?

Yanzu mu dawo gida. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi, a wurare da dama har da kunyar da ke raba gona da gona. Ruwa ya janye, sai a kirawo dattijo ya nuna iyaka. Ya ce daga tsamiyar can ne. Wace tsamiya, Baba? Ita ma ruwa ya tafi da ita. Haka ɗan kasuwa zai ba abokinsa bashi a hanyar Segbana, ba rubutu, ba sheda. Naira ta faɗi a 2023, wannan ya ce sefa na ba ka, wancan ya ce a'a, da naira muka yi lissafi. Kowa yana tuna abin da ya fi masa sauƙi, kuma wallahi kowa ya yarda da kansa.

Na san amsar da za a ba ni: “Wato ba ka yarda da ni ba ke nan?” Haba Alhaji! Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shedu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin. Mun fi su amana ne? Malaman hadisi ma ba su tsaya ga gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba, sai sun auna ƙarfin kiyayewarsa. Mutum salihi in haddarsa ta rikice da tsufa, sukan ajiye abin da ya ruwaito bayan rikicewar, kuma ba wanda ya ce sun ci mutuncinsa.

A ofis, abin da ba ya cikin fayil tamkar bai faru ba ne, ko da wa ya faɗe shi. Me ya sa gonar marayu za ta kasa samun darajar takardar neman hutu?

Roƙona ga hakimai da masu unguwanni da limamanmu: duk cinikin gona, jingina, aro ko rabon gado, a rubuta shi a ranar, da boko ko da ajami, da kwanan wata da irin kuɗin da sa hannun shedu. A ɗauki hoton takardar da na iyakar a waya, kowane ɓangare ya riƙe nasa. Dattawan da suka san iyakoki, a zauna da su yanzu tun ana zaman lafiya, kafin rigima ta koya musu abin da za su tuna.

Wanda ya ji haushin an ce ya sa hannu, ya yi haƙuri. Gara ɓacin ran yini ɗaya da ’ya’yanku su yi shekaru suna zarya a kotu, ba sa gaisawa ko a wurin jana'iza.

Allah Ya sa mu dace.