Abin da makarantar mishan za ta yaye a Damagaram

A garin da ba a rasa 'ya'yan Musulmi a ajin makarantar Katolika, ina ganin abin da ya fi cancanta a nema ga wanda ya kammala ta shi ne riƙon amana da iya zama da wanda ba addininsu ɗaya ba. Damagaram ta ɗanɗana rashin hakan ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da zanen mujallar Charlie Hebdo ta kai ga ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa. Za a ce uba ya biya kuɗi ne don ɗansa ya ci jarrabawar kammala sakandare ta Bak, ya shiga Jami'ar André Salifou, ba don wa'azi ba. Gaskiya ne, kuma makarantar da ta kasa lissafi da Faransanci ba ta da bakin magana kan tarbiyya. Amma matatar man fetur ta Soraz da 'yan kasuwar unguwar Zango dukansu mai takarda suke nema wanda ba zai ci amanar kuɗi ba. Masu tsoron a sauya wa yaro addini kuwa, haƙƙinsu ne su je su ga abin da ake koyarwa, kuma wajibi ne makaranta ta buɗe musu ƙofa.