Haddar manyan kalmomi ba ta cin JAMB

Rubutun wannan makon na ƙannenmu ne masu shirin JAMB, da mu yayyensu da ke ba su shawara.

Ranar kasuwar Dambatta da ta wuce na tarar da ɗan yayata yana gadin buhunan gero, da littafin rubutu a hannunsa. Ya cika shi maƙil da kalmomin Turanci, kalma a hagu, fassara a dama. Na gwada shi, bai faɗi ko ɗaya ba. Sai na ɗauki ɗaya daga ciki, sanction, wadda ya rubuta wa "takunkumi", na sa ta a jimla kan gwamna da ginin asibiti. Ya ce gwamna ya hana ginin. Alhali amincewa ya yi, domin kalmar tana ɗaukar ma'anar biyu, jimla ce ke nuna wadda ake nufi.

Ban ga laifin yaron ba. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, kuma a ƙauyukanmu wanda ya fi jefa kalma mai tsawo shi ake cewa ya iya Turanci. Amma ku duba Hausarmu. A ce wani baƙo ya haddace cewa "ci" na nufin sa abinci a baki. Me zai fahimta idan aka ce wane ya ci amana, ya ci bashi, ya ci zaɓe, ko kasuwa tana ci? Sai ya zauna da mu ya yi ta ji tukuna. Turanci ma haka yake.

Kuma abin ba wasa ba ne. Cikin tambayoyi 180 na JAMB, 60 na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa, mai neman likitanci da mai neman aikin gona. Inda ake tambayar kalma mafi kusa a ma'ana ko kishiyarta, a cikin jimla ake kawo ta. A nan masu hadda ke zubar da maki, bayan uba ya sayar da hatsi ko akuya ya biya kuɗin rajista. Masu harin aikin jinya a Ingila su ma su sani, IELTS karatu da rubutu da sauraro da magana take aunawa, dogon Turanci ba ya burge mai ba da maki idan an ajiye kalma a inda ba gurbinta ba.

Ra'ayina shi ne a rage hadda a ƙara karatu. Shafi biyu kullum, ko na tsohuwar Daily Trust ce da aka naɗo ƙosai a ciki. In ka gamu da baƙuwar kalma, fara cankar ma'anarta daga jimlar, sannan ka duba ƙamus, ka kwafe jimlar gaba ɗayanta, ka ƙirƙiri taka a kan gonarku ko gidanku. Kalma biyar a haka sun fi hamsin na jeri. Littafin labarin da JAMB ke sanyawa, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi a baya, a karanta shi duka, a daina dogaro da taƙaitawar da ake turawa a WhatsApp.

Na san za a ce ina littattafan suke a Kunchi ko Makoda, ga aikin gona, ga rashin wuta. Gaskiya ne, kuma nan ne namu aikin. Da yawanmu a zauren nan mun gama Jami'ar Bayero ko kwalejin Bichi, littattafanmu na cikin kwali gara na ci. Duk mai zuwa gida wannan Juma'ar ya taho da ko guda biyu ne, ya faɗi garinsu a ƙasa mu san inda za a kai.